Kafin a miƙa wa yaro makullin babur a arewacin Zamfara

Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda tun a shekarar 1929, ya yi zamaninsa na kwasar gyaɗa da auduga, amma ko a lokacin da yake ganiyarsa bai taɓa shiga rayuwar talakan wannan yanki kamar yadda babur ya shiga ba. A yau, daga Ƙaura zuwa Moriki har Shinkafi, ko daga Ƙaura zuwa Zurmi har a doshi Jibiya, babur shi ne jakin kai amfanin gona kasuwa, shi ne motar ɗaukar mai naƙuda, shi ne kuma sana'ar duk matashin da rashin tsaro ya raba da gonar ubansa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin mutane da dama, sai kabu-kabu ya ƙara samun kasuwa, sababbin mahaya kuma suka ƙara yawa.

Abin tambaya a nan shi ne, wa yake koya wa waɗannan yara tuƙi? Mai karatu ya san amsa. Abokinsa ne zai kai shi filin ƙwallo ko filin idi da la'asar, ya nuna masa kuloci da giya da totur, ya zagaya sau biyar bai faɗi ba, sai a ce ai ya iya. Bayan kwana uku an ba shi Boxer, ranar Alhamis kuma ga shi da goyo biyu da buhun gero ya nufi kasuwar Shinkafi. Dokar ƙasa ta ce sai mutum ya cika shekara 18, ya kuma mallaki lasisi mai rukunin A, kafin ya hau titi da babur. Mu bar batun takarda tukuna. Abin da ya fi damuna shi ne, abin da aka koya wa yaron nan tayar da babur ne kawai, alhali kuwa rabin tuƙi yana wajen tsayar da shi.

Akwai wani al'amari da ya bambanta sabon mahayin Zurmi da takwaransa na Zariya ko Katsina. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun sa gudu ya zama abin yabo a kan waɗannan hanyoyi. Fasinja da kansa ne yake cewa a ƙara wuta idan an shiga wani surƙuƙin daji, direban da ya fi sauri kuma shi ake rububi a tasha. Ni ba zan ce wa mutumin da ake bi da bindiga ya tafi a hankali ba. Wannan maganar wanda yake zaune cikin sanyin ofis ce. Amma gudun da tsohon hannu yake yi, wanda ya san kowane rami da kowace kwana a hanyar, ba shi ne gudun yaron da bai yi wata guda da fara hawa ba. Shi yaron yana kwaikwayon saurin ne ba tare da sanin hanyar ba. A nawa ganin, wanda bai yi aƙalla 'yan watanni yana zagaye cikin gari ba, ba shi da hurumin ɗaukar ran wani ya fita da shi bayan gari. In kuwa tafiyar ta zama dole, to ya yi ta da rana tsaka, ya tambayi labarin hanya a tasha kafin ya tashi, ya kuma bi bayan manya cikin ayari.

Lissafin gudu ba ya buƙatar zuwa makaranta mai zurfi. Tafiyar kilomita 20 a kan gudun kilomita 60 a awa minti 20 ce. Idan aka kai 80 sai ta koma minti 15. Ribar ke nan, minti biyar. A wannan gudu na 80 kuwa, babur yana cin mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ido ya ga akuya, ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, ƙafa ta taɓa birki, an riga an shafe wannan tazara ko fiye. Sannan duk lokacin da gudu ya ninka, nisan da ake buƙata kafin a tsaya yakan ninka har sau huɗu. Wanda ya yi karo da bango ko gindin bishiya a kan gudun kilomita 50 kacal, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku.

Sai batun birki, inda a nan ne jahilci ya fi yi mana ɓarna. An daɗe ana gaya wa masu koyo cewa birkin hannu, wato na tayar gaba, shi ke wuntsila mutum, har wasu sukan bar shi a sake ko su cire wayarsa gaba ɗaya. Alhali idan aka taka birki nauyin babur da na mahayi gaba yake komawa, don haka a kan kwalta busasshiya kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin tsayawa daga tayar gaba yake fitowa. Mai dogaro da birkin ƙafa kaɗai ya zubar da mafi yawan makaminsa. Abin da ke kayar da mutum shi ne cafkar birkin hannu da ƙarfi lokaci guda. Ana matsa shi ne sannu-sannu, tare da na ƙafa, babur kuma yana miƙe ba a cikin kwana ba. A cikin yashi, irin wanda ake samu a mashigan rafuka da gefen gulbin Gagare, ko wanda iska da ruwan sama suke sharowa kan kwalta, hukuncin ya sauya: a rage gudu tun kafin a shiga, a sa ƙaramar giya, a riƙe totur daidai, a bar birkin gaba ya huta. Wannan abu ne da ake koyo da maimaici a fili babu kowa, ba ranar da tirela ta tsaya a gabanka ba.

Da na ambaci tirela, sabon mahayi ya riƙe wannan: idan ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, to shi ma bai gan ka ba. Kada ka kutsa tsakaninsa da gefen titi, musamman idan zai sha kwana. Madubin babur ɗinka kuma, wanda samari suke kwancewa wai don gayu, ka mayar da shi wurinsa.

Hular kwano kuwa tarihinta a ƙasar nan abin dariya ne da ban takaici. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya ta daga 1 ga Janairun 2009, sai wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka don su wuce jami'ai, ga kuma jita-jitar da ta bazu cewa ana yin tsafi da hular da ake miƙa wa fasinja. Daga baya dokar ta yi sanyi a yawancin garuruwan Arewa. A yankinmu an samu ƙarin dalili: mutumin da ya rufe fuska a kan babur abin tsoro ne, a shingen jami'an tsaro ko a bakin ƙauye. Wannan uzuri ne na gaskiya, amma maganinsa yana kasuwa, domin akwai hular da take rufe kai ta bar fuska a buɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hula mai inganci, da aka ɗaure igiyarta a haɓa, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 70 cikin 100. Wadda aka rataye a hannun babur, ko aka ɗora ba ɗauri, ado ce kawai.

Ya kamata mutumin Shinkafi ya fi mutumin Kano riƙo da wannan hula, saboda nisa. Karayar ƙafa ana iya kai ta babban asibitin gari, wasu ma wajen mai ɗori suke nufa. Amma jinin da ya taru a cikin ƙoƙon kai aikin likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, kuma sa'o'i yake ƙirgawa. Daga Shinkafi zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau tafiyar fiye da kilomita 100 ce, daga can ma sau da yawa sai an wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Idan haɗarin ya auku bayan magariba, wane direba ne zai yarda ya kama wannan hanya? Waɗanda suka ga watan Satumban 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka kuma katse layukan waya, sun san yadda neman taimako yake zama idan hanya ta rufe.

Sauran abubuwan ƙanana ne a ido. Silifas ba takalmin tuƙi ba ne. Babbar riga da hijabin fasinja a tattare su kafin a tashi, domin sarƙa da wayoyin tayar baya ba sa sakin abin da suka kama. Da safe a duba iskar taya, a gwada birki biyun, a kunna fitila a gani. Goyo uku da buhu a bayan Boxer suna sauƙaƙa tayar gaba har kan babur ya riƙa rawa a hannu, kuma birkin da aka ƙera don mutum biyu ba zai tsayar da huɗu a tazara ɗaya ba. Ƙwayar tiramol da wasu ke sha wai don kashe gajiya, ba gajiyar take kashewa ba, tsoro take kashewa, shi kuwa mahayi yana buƙatar tsoronsa.

Ba kuma yaron kaɗai za a ɗora wa laifi ba. Mai babur da ya yanka masa balas ɗin da ba zai samu ba sai ya yi lodi fiye da kima ya kuma kai dare yana aiki, yana da kamasho a cikin abin da zai biyo baya. Haka uban da ya saya wa ɗan shekara 14 babur, ya kuma zuba ido yana ɗaga tayar gaba a rakiyar amarya.

Jami'an kiyaye haɗurra ba su da yawan da za su tsaya a kowace mararraba ta ƙananan hukumomin nan uku, ba na kuma ganin kame da tara za su yi abin da suka kasa yi a 2009. Waɗanda suke da ikon gaske a kan sabon mahayi su ne shugabannin ƙungiyar 'yan kabu-kabu, tunda su suke yanka tikiti kowace safiya, su kuma suka san wanda ya fara jiya. Su sa sharaɗi: ba a ba sabon shiga layi a tasha sai wani dattijon mahayi ya gwada shi a fili, ya ga ya tsayar da babur da birki biyu a kan layin da aka zana, ya ratsa yashi da goyo bai sa ƙafa a ƙasa ba. Masarautun Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Moriki za su iya sa baki a tabbatar da hakan, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda kuma, wadda ɗalibanta suke cikin manyan fasinjojin kabu-kabu, tana da fili da malaman injiniya da za su iya ba da Asabar ɗaya a kowane wata.