Masu injin niƙa, mu riƙa sauraren kukan moto

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in jawo hankalin 'yan'uwana masu injin niƙa da na markaɗe, da masu casar shinkafa, da masu famfon burtsatse, game da wata asara da muke tafkawa da hannunmu sannan mu koma muna cewa tsautsayi ne.

Ni manomi ne, ina kuma ɗan taɓa tireda a bakin kasuwar garinmu. Da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023, sai na ajiye injina mai shan mai, na sayar da tumaki biyu da buhunan masara, na sayo moto mai aiki da wutar lantarki, mai ƙarfin doki 10, mai layi uku. Ba motar hawa nake nufi ba, wannan tulun ƙarfen da ke jan bel yana juya injin niƙa. Cikin shekara ɗaya sau biyu yana ƙone mini. Kuɗin naɗin farko ya ci buhun masara uku. Na biyun kuwa ana saura kwana huɗu salla ya faru, mata sun jera kwanuka tun daga bakin ƙofa har gindin darbejiya, ina ji ina gani suka kwashe suka tafi ƙauyen gaba. Wasu har yau ba su dawo ba.

A karo na biyun ne na kai shi birni wajen wani dattijo mai naɗin koyil. Da ya buɗe cikin, kafin ya ce mini nawa zan biya, sai ya ce in matso in gani da idona. Kashi biyu na koyil ɗin sun yi baƙi ƙirin, kashi ɗaya kuwa jawur kamar ba a taɓa aiki da shi ba. Ya ce, "Malam, ran da abin nan ya ƙone, rabin garinku na da wuta, rabi babu, ko ba haka ba?" Na ce ƙwarai haka aka yi, fis ɗaya ya faɗo a taransifoma. Ya ce to ga shi a rubuce. Moto mai layi uku in layi ɗaya ya ɗauke yana cikin aiki, ba ya tsayawa, sai ya ci gaba da jan kayan da layi biyu, su ɗauki nauyin da ba nasu ba har su soye. Ya ce da duka koyil ɗin ne ya yi baƙi bai ɗaya, da sai ya ce lodi ya yi yawa ko wuta ba ƙarfi ko iska ba ta shiga. Da wuri ɗaya ne tak ya fashe, to waya ce ta haɗu da 'yar'uwarta.

Jama'a, a nan jikina ya yi sanyi, domin na tuna ranar. Kukan moton ya canja, ya koma wani gurnani, gudunsa ya ragu, yana rawa a kan kujerarsa. Yaron da ke tsaron injin ya gaya mini. Na ce ƙara hatsi, mutane na jira. Ko rabin awa ba a yi ba muka ji ƙauri.

Abin da nake son in ce shi ne moto ba ya cika mutuwa farat ɗaya. Yana yin magana da zafi, da kuka, da rawa, da wari, mu ne ba ma ji. Manomi ya san saniyarsa ba ta da lafiya tun daga yadda take tuƙa, amma mutum ya zuba dukiyarsa a ƙarfe bai san yadda yake kuka ba in yana lafiya. To ta yaya zai gane ranar da ya canja?

Ɗauki boris, wanda shi ne ya fi kashe moto. Dattijon nan ya koya mini in ɗora bakin dogon sukundireba a kan murfin da boris yake, in kara mariƙin a kunne. Mai lafiya yana yin shuuu sumul, wanda ya fara ci sai ka ji kamar ana tauna tsakuwa. Tsakanin abin da ke juyawa a ciki da bangon da koyil yake, ratar ba ta kai kaurin farce biyu ba. In boris ya saki, sai su fara gogar juna, daga nan sai wuta. Kuɗin boris biyu bai kai na kwanon tagulla ba, amma sai mu bari ya jawo mana naɗi. Ɗaure bel tamau yana cin boris, cika masa giris har ya yi ambaliya shi ma zafi yake sa shi. Sai dai don Allah mai yin wannan saurare ya cire babbar riga, ya tsaya nesa da bel, ƙafarsa da takalmi, hannunsa a bushe.

Sai ƙurar gari, wadda mu masu niƙa muke kwana cikinta. Bayan moto akwai fanka, jikinsa kuma akwai tsaga-tsagan da iska ke bi tana sanyaya shi. Ni da na cire murfin fankar tawa, garin da na kwaso ya isa a dama kunun yara. Masana sun ce duk ƙarin digiri 10 na zafi a kan abin da aka ƙera koyil ya jure, rabin kwanansa yake yankewa. Tsintsiya da tsumma kawai wannan ke buƙata, bayan an kashe wuta.

Akwai kuma ɗan allon ƙarfe da ke manne a jikin kowane moto, wanda yawancinmu ba mu taɓa gogewa mun karanta ba. Nawa an rubuta yana juyi wajen 1,450 a minti ɗaya, yana shan wuta amfiya 15. Akwai mita mai baki kamar ƙaguwa da ake kama waya da ita ba sai an yanke ba. Yanzu duk ranar kasuwa ɗan ƙanena da ya koyi wayarin yakan kama mini layukan uku, in rubuta a bayan littafin bashi. In sun yi kusa da juna kuma ba su haura 15 ba, sai mu ci gaba. In ɗaya ya yi nisa da sauran, mu tsaya mu bi waya mu duba inda ta saki. Da magariba, lokacin da kowa ya kunna kayansa ƙwai ya yi ja, ba na tayar da injin ko da wa ya zo, domin in wuta ba ƙarfi moto ƙara zuƙa yake yi don ya cika aikinsa, zafin ya ƙaru. Haka nan kashewa da kunnawa a kai a kai, tunda wajen tashi yakan ja ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake sha in ya daidaita.

Ku masu ƙananan moto na layi ɗaya, na markaɗe da na famfo, in kun kunna ya tsaya yana gurnani bai juya ba, yawanci kafasita ce ta mutu. Kashe shi nan take. Wannan ɗabi'a ta fizgar bel da hannu don a tayar da shi ta raba mutane da yatsunsu, kuma ba ta hana shi ƙonewa.

Laifin da ya fi min ciwo kuwa nawa ne. Akwai ɗan akwatin da ake kira obalod, aikinsa ya yanke wuta da kansa in moto ya fara shan fiye da ƙima. Da aka haɗa mini injin an sa shi. Da ya dame ni da yankewa, sai na sa aka tsallake shi da waya, fis kuma aka ɗaura masa tagulla mai kauri. Ashe mai gadi na kora don yana tashina daga barci.

Ina kira ga masu naɗin koyil su ji tsoron Allah. Wasu ba sa tambayar abin da ya ƙona moto, su dai su naɗa su karɓi kuɗi, bayan wata uku ka dawo. Wasu kuma su sa wayar da ba ta kai kaurin ta asali ba, ko su rage yawan zagayen, ko su hana shi shan banish ya bushe sosai. Mai moto ya tsaya a buɗe a gabansa, ya ga yadda ƙunar take, ya ce a gwada kaurin tsohuwar waya da sabuwa yana kallo.

Haka kuma ina roƙon ƙananan hukumominmu da makarantun koyon sana'a su riƙa shirya mana bita ko ta yini ɗaya ce, da Hausa, kafin kaka ta shigo aiki ya yi yawa. Kafin nan, mu masu injuna bakwai na kasuwarmu mun yi karo-karo mun sayi mita ɗaya, tana hannun sarkin kasuwa, wanda ya ara ya dawo da ita kafin la'asar.



Naku mai karatu kullum,
Manomi mai injin niƙa, daga ƙasar Funtuwa.