Taya mai tafiya ba iska: Abin da masu ƙananan motoci ya kamata su sani kafin su saya

A shekarun baya, idan taya ta yi faci a hanyar Abuja zuwa Kaduna, direba kan gangara gefen titi, ya fito da jak da safaya, cikin rabin sa'a ya kama hanya. Yau wannan rabin sa'ar ita ce abin fargaba. Tun da garkuwa da mutane ta yawaita a manyan hanyoyin Arewa, babu mai son tsayawa a dokar daji, balle ga labarin da direbobi suka daɗe suna bayarwa na ɓarayi masu shuka ƙusoshi a kan kwalta. Shi ya sa 'yan kasuwa da ma'aikatan da ke zirga-zirga tsakanin birane suka fara tambayar tayar da ake kira ranfilat, wadda ke ci gaba da tafiya bayan iskarta ta fice.

Sirrinta yana gefenta. An ƙara wa gefen kaurin roba mai tauri yadda zai ɗauki nauyin mota na ɗan lokaci ko babu iska. Yawancin kamfanonin da ke yin ta, irin su Bridgestone da Michelin da Pirelli da Continental, sun iyakance wannan tafiya a kusan kilomita 80, da gudun da bai wuce kilomita 80 a sa'a ba. Wato kamar daga Kaduna zuwa Zariya. Ba za ta kai mutum daga Abuja zuwa Kaduna ba, amma za ta fitar da shi daga daji zuwa gari mafi kusa.

Tambayar da ake yawan yi ita ce ko za ta hau rim ɗin mota irin Corolla ko Camry, waɗanda ba da ita aka ƙera su ba. Hawa dai za ta hau, muddin girmansu ɗaya. Tsarin PAX na Michelin ya buƙaci rim na musamman, kuma an daɗe da daina yin sa. Sai dai motocin da ke fitowa da ranfilat daga kamfani, kamar yawancin BMW, ana yi musu rim mai tudu na daban a ciki, wanda ake kira EH2, domin ya riƙe bakin tayar idan iska ta ƙare. A kan rim na gama-gari riƙon bai kai haka ba, kuma a lanƙwasa mai kaifi bakin tayar na iya zamewa. A 2014 Bridgestone ta fitar da samfurin DriveGuard musamman don motocin gama-gari, amma ita ma ta kafa sharaɗi guda: dole motar ta kasance da na'urar lura da iskar taya, wato TPMS.

A nan ne matsalar Najeriya take. Da yake ranfilat ba ta kwanciya kamar sauran tayoyi, direba na iya shafe tafiya mai nisa a guje bai san iska ta fice ba, har robar ta yi zafi ta tarwatse. Na'urar ce kaɗai za ta sanar da shi. Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci tun Satumbar 2007, Tarayyar Turai kuma daga Nuwambar 2014, don haka motocin tokumbo da yawa sun shigo da ita. Amma batirin da ke cikin na'urar yakan mutu bayan shekara biyar zuwa goma, wasu kuma an karya su a wurin faci. Fitilar gargaɗinta mai ruwan ɗorawa ta zauna a kunne a gaban direbobi da dama har sun daina ganinta. Wanda ya sa ranfilat a irin wannan mota ya biya kuɗi mai yawa ne ya sayi tayar da za ta ɓoye masa haɗari.

Ba a manta da 6 ga Maris 2016 ba, ranar da Ƙaramin Ministan Ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. Tun daga lokacin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta matsa wajen wayar da kai kan shekarun taya, tana cewa bayan shekara 4 da ƙera ta a canza ta. Ana gane wannan daga lambobi huɗu da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019.

Kasuwa kuwa ta tura mutane wata hanya. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, tun daga nan kusan duk tayar ƙaramar mota daga waje take zuwa. Da darajar Naira ta faɗi bayan Yunin 2023, farashi ya yi tashin gwauron zabi, masu saye suka koma ga gwanjo, duk da cewa tsofaffin tayoyi na cikin jerin kayan da Kwastam ta haramta shigowa da su. Gwanjon ranfilat ya fi kowane gwanjo haɗari, domin wadda aka taka ba iska a Turai na iya zama lafiya lau a ido alhali cikinta ya riga ya ƙone.

Akwai kuma batun gyara. Taurin gefenta na sa cire ta da ƙarfe da guduma, kamar yadda masu faci na bakin titi ke yi, ya lalata bakinta ko rim ɗin; sai da inji. Wasu kamfanoni sun hana yi mata faci gaba ɗaya, wasu sun yarda bisa sharaɗin a cire ta a duba cikinta. Taurin nan kuma yana ƙara jijjiga, shokozoba ce ke shan wahala a ramuka.

Mai Corolla da ya nace sai ya saka ta, tilas ya fara da gyara na'urar TPMS, ya sayi sababbi huɗu iri ɗaya ba tare da gauraya su da na gama-gari ba, sannan kada ya fitar da safaya daga but. A gari mafi kusa da zai isa bayan kilomita 80, da wuya ya sami ranfilat daidai girman motarsa.