Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Dattawan Zangon Wagadugu: Albashin Yaran Shago Ya Shiga Takarda

Zuwa ga iyayenmu dattawan Zango, limamai da shugabannin 'yan kasuwa.

Disamba na ƙaratowa, kowane mai shago zai zauna ya ƙirga kaya da bashi da riba. Lissafin da ake yawan tsallakewa shi ne na mutanen da suka yi masa aiki shekara guda: direba, mai gadi, yaron shago, mai ɗinki. Ana damƙa musu albashi a hannu, a ce Allah ya sa albarka, ba takarda ba sa hannu.

Dokar Burkina Faso ta ɗora wa duk mai biyan albashi nauyi a wuri biyu. Akwai ofishin haraji, inda ake kai harajin IUTS da aka cire daga albashin ma'aikaci, da harajin TPA na kashi 3 cikin ɗari da maigida ke biya daga aljihunsa. Daga Janairun 2024 an ƙara kashi 1 cikin ɗari na albashi zuwa asusun tallafa wa tsaron ƙasa. Ana biyan waɗannan a tsawon shekara, in ta ƙare kuma ofishin yana jiran cikakken bayanin wa aka biya, nawa, kuma nawa aka cire. Ana iya tura bayanan haraji ta intanet a eSINTAX.

Na biyun, hukumar inshorar ma'aikata ta CNSS, shi ne abin da ya fi damun mai wannan wasiƙa. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,684 zuwa 45,000. A kan wannan albashi, a kuɗin da ake biyan CNSS, kashi 5.5 na ma'aikaci sefa 2,475 ne, kashi 16 na maigida kuma 7,200. Wannan kuɗin ne ke tsaya wa ma'aikaci in ƙarfe ya datse masa yatsa a wurin aiki, shi ke kawo kuɗin tallafin yara, shi ne kuma fansho. Amma fanshon sai an tara wata 180, wato shekara 15. Direban da ya tsufa a bayan sitiyari tsakanin Wagadugu da Lome, in ba a taɓa rubuta sunansa ba, zai je hukumar da furfurarsa a duba kwamfuta a ce ba a san shi ba. Maigidan nasa wataƙila mutumin kirki ne, ya yi masa aure, ya ɗinka wa 'ya'yansa kayan Sallah. Sai dai alherin maigida yana tsayawa ranar da ya rasu, magada suka raba motocin.

Wannan ba sabon darasi ba ne: mutanen Zango sun san darajar takarda tun 2003, lokacin da aikin sabunta birni na ZACA ya rushe unguwar Zangouettin, kasuwar Rood Woko kuma ta ƙone a shekarar.

Roƙon da ake yi wa dattawa shi ne su kira taro kafin ƙarshen Disamba, su gayyato jami'in CNSS da na haraji su yi bayani da Hausa da harshen Mosawa, don Faransancin takardun ke korar mutane. A samo matashin unguwa da ya karanta lissafin kuɗi, masu ƙananan shaguna su haɗa kuɗi su biya shi ya riƙa cike musu takardun. Limamai kuma su ɗauki maganar a huɗubar Juma'a, domin haƙƙin ɗan ƙwadago babi ne da suka fi kowa sani. Wanda kuma ke cin gashin kansa, tela ko mahauci, a sanar da shi cewa CNSS na karɓar mai son ya riƙa biya wa kansa.

Wassalam.