MASU KOYAR DA ƘWALLON KWANDO, A RAGE WASA A ƘARA ATISAYE

Duk wanda ya saba bi ta filayen makarantu da yamma, ko a Ikko ne, ko Badun, ko Fatakwal, ya san yadda horon ƙwallon kwando yake gudana a wurare da dama. Mai koyarwa zai iso, ya busa usur, ya raba yara gida biyu, ya jefa musu ƙwallo, sa'an nan ya ja gefe yana ta daka tsawa har a kira Magariba. Yara su yi gumi sharkaf, kowa ya koma gida da murna wai an yi atisaye. Gaskiyar magana ita ce wasa aka yi. Wasa kuwa ba ya koya wa yaro abin da bai iya ba, sai dai ya ƙara masa ƙwarewa a kan kuskuren da ya zo da shi.

A yi lissafi mana. Yara goma, ƙwallo ɗaya, sa'a guda. Ko da an raba daidai wa daida, kowane yaro minti 6 kaɗai zai riƙe ƙwallo. To, ba a ma raba daidai, gama mutum biyu ko uku da suka fi iyawa su ne ke cin kasuwarsu, sauran kuwa sai zirga-zirga. Dogon yaron nan mai jin kunya, wanda watakila shi ne zai fi su duka nan gaba, yana iya tashi daga fili bai yi jifa uku ba. Alhali da an tsayar da shi ƙarƙashin kwando na minti biyar shi kaɗai, da ya yi jifan da ba zai samu ba a wasan mako guda.

Wannan atisaye na ƙarƙashin kwando yana da tarihi. A farkon shekarun 1940, a Jami'ar DePaul da ke Shikago a Amurka, an yi wani dogon saurayi mai tabarau, George Mikan, wanda ake ganin nauyin jikinsa ya yi yawa. Malaminsa Ray Meyer ya sa shi tsallen igiya, ya kuma sa shi wani aiki kullum: ya tsaya gindin kwando, ya jefa da hannun dama ta ɓangaren dama, ya cafe ƙwallon tun ba ta taɓa ƙasa ba, ya taka zuwa hagu ya jefa da hannun hagu, haka dai babu tsayawa. Mikan ya zo ya ci kofin ƙasar sau 5 da kulob ɗin Lakers, kuma har yau da sunansa ake kiran wannan atisaye. Ba ya bukatar kome sai ƙwallo ɗaya da kwando ɗaya.

Batun hannun hagu ya kamata a ɗan dakata a kansa, domin ya shafi yaran Arewa ƙwarai. Yaron da aka rena a gidan Bahaushe tun yana ƙarami ake kwaɓarsa in ya ci abinci da hagu, ko ya miƙa wa babba abu da shi. Tarbiyya ce mai kyau, ba kuwa mai cewa a bar ta. Amma a filin ƙwallon kwando, mai hannu ɗaya rabin ɗan wasa ne. Da zarar abokin hamayya ya lura, sai ya tare masa dama ya bar masa hagu a buɗe, shi ke nan ya gama da shi. Saboda haka wajibi ne mai koyarwa ya ware minti goma kowace rana, yara su yi ta buga ƙwallo a ƙasa da hannun da ba su saba da shi ba, a tsaye, a tafe, sa'an nan a guje, kai a ɗage. Mai koyarwa ya tsaya gabansu yana ɗaga yatsu, su kuma suna faɗin ko nawa ne, don a tabbata ba ƙwallon suke kallo ba. Makon farko za a sha dariya, ƙwallo tana ta gudu. Kada wannan ya karya wa kowa gwiwa.

Sai aikin ƙafa. Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko, bai fara wannan wasa ba sai da ya kai shekara 15, kafin nan mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa. Ya tafi Jami'ar Houston a 1980, aka ɗauke shi na farko a zaɓen 'yan wasan NBA na 1984, ya ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995. Dogaye irinsa suna da yawa a Amurka. Abin da ya bambanta shi da su shi ne ƙafafunsa, yadda zai kafa ɗaya ya juya a kanta, ya yi kamar zai bi nan ya bi can, mai tsaronsa ya tashi sama a banza. Yaran Sabo da Agege da Idi-Araba kusan duk da tamaula suka tashi, wato suna da wannan jari tun daga gida. Aikin mai koyarwa ne ya juya shi: a koya wa yaro tsayawa cak da ƙafa biyu bayan gudu, da juyi a kan ƙafa guda ba tare da ta ɗaga ba, domin in ta ɗaga alƙalin wasa zai karɓe ƙwallo.

Tsaro ma a ƙafa yake, kuma shi ne yara suka fi ƙi, don ba a tafa wa mai tsaro. A durƙusa kaɗan, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a buɗe, a yi ta ja da gefe daga wannan layi zuwa wancan ba tare da ƙafa ta haye ƙafa ba. Wanda ƙafarsa ba ta da sauri da hannu yake tsaro, mai tsaro da hannu kuwa keta zai yi ta yi, in ya cika 5 a fitar da shi. Wannan atisaye ko ƙwallo ba ya bukata, saboda haka rashin kayan aiki ba hujja ba ne a nan.

Wajen miƙa ƙwallo akwai wanda ake yi mutum uku-uku kamar saƙa, wanda ya miƙa ya zagaya ta bayan wanda ya karɓa, har a kai kwando ƙwallo ba ta taɓa ƙasa ba. Akwai kuma wata dabara mai maganin son kai: a bar su su yi wasa, amma a hana buga ƙwallo a ƙasa sam. Nan take gwanin unguwa zai gane yana da abokai huɗu.

Jifan kyauta da ake ba wanda aka yi wa keta, daga layin da ke ƙafa 15 da allon kwando, shi ne makin da ya fi kowane araha, shi ne kuma aka fi zubarwa. Kuskuren shi ne yara kan gwada shi tun farkon atisaye, jiki da sauran ƙarfi. A ranar gasa kuwa mutum yana haki ake ba shi. Saboda haka a sa shi ya yi gudu daga wannan kai zuwa wancan sau biyu, ya zo ya yi jifa biyu, ya sake komawa.

Wasu masu koyarwa za su ce yara ba su da haƙurin wannan, in aka matsa musu za su daina zuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma laifin na tsari ne. John Wooden, wanda ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 da UCLA tsakanin 1964 da 1975, a rubuce yake zuwa da tsarin atisayensa a 'yan katuna, kowane aiki da mintocinsa. Ba a daɗewa a kan abu ɗaya har a gaji da shi. Tsakanin La'asar da Magariba ana iya yin ayyuka shida ko bakwai, kowanne minti biyar zuwa goma, a mai da su gasa, a ƙirga wa ya fi ci, a rubuta a littafi don yaro ya ga inda yake a watan jiya da inda ya kai yau. Sa'an nan a rufe da wasa na minti ashirin, inda mai koyarwa zai riƙa tsayar da su yana gyara.

Ana alfahari, kuma ya cancanta, da cewa Nijeriya ta ci kofin Afirka na maza a 2015, ta doke Amurka da ci 90 da 87 a wasan sada zumunta a 2021, matan ƙasar kuma suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a wasannin Olamfik na Faris a 2024, abin da wata ƙasar Afirka ba ta taɓa yi ba. To, amma da yawa daga cikin waɗannan 'yan wasa a makarantun Amurka aka hore su, inda irin wannan atisaye yake abincin yau da kullum. A gida ma an ga abin da malami ɗaya mai naci zai iya yi. A Zariya, a hannun Oliver Johnson, Masai Ujiri ya koyi wasan, shi ne kuwa shugaban Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA a 2019.

Unguwannin Hausawa a Kudu ba su da filaye, kowa ya san haka. Amma rabin fili da kwando ɗaya ya isa duk abin da aka ambata a sama, har ma da wasan mutum uku-uku wanda ya shiga Olamfik a gasar Tokyo da aka yi a 2021. Abin da ya fi ƙaranci shi ne ƙwallo. Kulob mai yara ashirin da ƙwallo biyu dole ya koma ga raba gida biyu. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da kan sayi kofi da riguna a ranar gasa, gara su fara da sayen ƙwallaye goma da famfon hura su. Iyaye kuma, in yaro ya dawo daga fili, su tambaye shi abin da aka koya masa yau, kada su tsaya ga wa ya ci.