Alƙalamin Japon: a duba marfi kafin a duba baki

Duk wanda ya taɓa riƙon alƙalamin tawada ya san wannan abin kunya: an miƙo masa takarda ya sa hannu, jama'a na kallo, ya zare marfi, ya ɗora baki bisa takarda, alƙalami ya ƙi. Ya girgiza, ya hura, ƙarshenta sai ya ari bik wajen wanda ya kawo takardar. Galibi laifin ba na baki ba ne, ba kuma na tawada ba. Na marfi ne, wanda shi ne abin da mai saye ya fi mancewa da shi.

A ƙasar Japon kamfanoni uku ne suka yi fice wajen ƙera irin wannan alƙalami: Sailor, da aka kafa a garin Kure a 1911, da Pilot a 1918, da Platinum a 1919. Marfinsu iri biyu ne. Akwai na murɗawa, mai zare kamar na kwalba, akwai kuma na dannawa, wanda ake turawa har ya ce ƙwas. Manyan alƙaluman Sailor, irin su 1911 da Professional Gear, na murɗawa ne. Saboda haka mai neman na dannawa ya fi samun biyan bukata wajen Pilot da Platinum.

Marfin murɗawa na mai zama ne, wanda zai buɗe sau ɗaya ya cika shafi biyar. Amma mushen lakkol da ke gyaran kaye, da malamin asibiti, da ma'aikacin biro da ke buɗewa da rufewa sau hamsin kafin azahar, su marfin dannawa ne ya dace da su, don zara ɗaya ta ishe shi. Sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Abin da ke riƙe wannan marfi yana lashewa da yawan aiki, kuma in an fizge shi da ƙarfi yakan zuƙo ɗigon tawada ya ɓata ciki. Babban haɗarin kuwa shi ne iska. Tawadar alƙalami mafi yawanta ruwa ne. In marfi bai toshe sosai ba, ruwan ya tafi, launin ya daskare cikin siririyar hanyar da ke kai tawada ga baki. A Tokyo, inda iska ke da laima, abin yana ɗaukar lokaci. A Damagaram ko Tawa cikin hunturu, lokacin da wanki ke bushewa kafin a gama shanya, kwanaki kaɗan sun isa.

Maganin da Platinum ya samo shi ne ƙaramin marfi na biyu a cikin babban, da wata waya mai lanƙwasa da ke tura shi ya manne wa wuyan alƙalami. Sunan dabarar Slip & Seal. Tana cikin Preppy, wanda ya fito a 2007, mai jikin roba kuma mai araha, tana kuma cikin Plaisir, mai baki irin na Preppy amma da jikin alminiyom. Kamfanin ya ce tawada na iya kai shekara guda ba ta bushe ba. Ga wanda ba kullum yake rubutu ba, wannan ya fi bakin zinariya amfani.

Wajen Pilot akwai Kakuno na 2013, da aka yi domin yara, mai kusurwa shida kamar fensir da ƴar fuska mai murmushi bisa bakinsa; akwai Metropolitan na 2012, mai jikin ƙarfe da nauyi a hannu; akwai kuma Elite 95S, gajere, mai bakin zinariya karat 14, wanda sai an kafa marfinsa a gindi yake kai tsawon alƙalami. Waɗannan na mai rubutu kowace rana ne, wanda tawadarsa ba ta samun zarafin kwanciya.

Bayan marfi, abu biyu suka rage. Na farko kaurin baki. Rubutun Japanawa na da zane-zane da yawa cikin ɗan fili, shi ya sa bakinsu ya fi na Turai siranta: mai alamar M nasu ya yi kusa da mai alamar F na Jamus ko Faransa. Bisa takarda mai shan tawada, siririn baki ne ke hana rubutu ya baje. Na biyu kartush. Kowane kamfani da nasa. Na Pilot ba ya shiga Platinum, ƙananan kartush na Turai kuma ba su shiga ko ɗaya, in ban da irin su Pilot MR da aka yi musamman don kasuwar Turai. Mai hankali zai haɗa da ƴar famfon zuƙo tawada daga kwalba. Tawadar allo kuwa, mai gawayi da ƙaro, kada ta kusance shi: rana ɗaya ta isa ta toshe shi.

Saboda haka mai saye ya ɗauki alƙalamin, ya rufe ya buɗe, ya saurari ƙarar, ya murza marfin ya ji ko yana rawa, ya leƙa ciki ya ga ko akwai marfi na biyu. In duk sun yi, sa'annan ya tambayi launi da kuɗi. Ba girin-girin ba, ta yi mai: alƙalamin ƙwarai shi ne wanda ya kwana mako cikin aljihu, aka zare shi, ya rubuta harafin farko ba gardama.