Kafin Ka Miƙa Wa Ɗan Gwangwan Tsohuwar Gem Ɗin Nan

In a Gaya ko Ajingi ka tashi, na san ka san gidan gem. Ɗan shago ne da benci biyu, talabijin mai ƙeya, PlayStation 2 a ƙarƙashin tebur, janareta na ruri a waje, wanda aka ci shi zai biya. To yau leƙa ka gani, nawa ne suka rage a unguwarku?

Abu biyu suka taru suka kashe kasuwar. Na farko wayar hannu: Free Fire da eFootball suna aljihunka, ba sai ka bi layi ba. Na biyu mai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin da yara ke biya bai isa ya riƙe janareta ba. Mai shago ya rufe, kayan suka koma lungun ɗaki, ƙarshenta ɗan gwangwan ya ɗora su a sikeli, ya fasa ya cire wayar tagulla, ya watsar da sauran.

Ka san abin da ake yi da irin waɗannan kaya a wasu ƙasashen? Kafin PlayStation akwai manyan akwatunan wasa, masu tsayin mutum, da ake jefa wa kwabo a buga a tsaye: Space Invaders na 1978, Pac-Man na 1980, Street Fighter II na 1991. Da zamaninsu ya wuce, su ma bola aka riƙa kai su. Yanzu a Amurka da Japan da Jamus mutane na bin su suna saye, su sauya katakon da ya ruɓe, su gyara allon, su tashe su. A Berlin akwai gidan tarihi sukutum na wasannin kwamfuta, kuma a 2012 gidan tarihin MoMA na New York ya saka Pac-Man cikin kayan da yake adanawa.

Ba ina ce maka za ka yi kuɗi da PS2 ɗin yayanka ba. An sayar da sama da miliyan 150 a duniya, ba ta da wuyar samu tukuna. Amma Sony ta daina ƙera ta tun 2013, talabijin mai ƙeya ma manyan kamfanoni sun bar yin sa. Duk wadda aka fasa ta tafi ke nan.

Ribar da ta fi kusa da kai ita ce koyon gyara. Waɗannan na'urori da noti aka ɗaure su, kayan cikinsu manya ne, ido na ganinsu, ba kamar waya ba. Yawanci ciwonsu ƙura ce a idon da ke karanta faifai, ko kafasita da ta kumbura, ko waya da ta tsinke a hannun bugawa. Wanda ya iya dalma a kan wannan, ya ɗauki hanyar gyaran waya da inbata da kayan sola, sana'ar da ke ci da dubban matasa a Farm Centre ta Kano.

Sai dai gargaɗi ɗaya, kuma ba wasa nake ba: kar ka buɗe bayan talabijin mai ƙeya. Yana riƙe wuta mai ƙarfi ko an cire shi daga soket. Wannan ka kai wa tsohon mai gyaran rediyo, ka zauna ka kalla, ka yi tambaya. Su ma masu wannan ilimin ƙarewa suke yi.

Ke ma da kike karantawa, ba a ce gyara na maza ne kaɗai ba. Ku duba lungun ɗakin nan yau. In kun samo, ku goge ƙurar, ku ɗauki hoto ku ɗora, ku rubuta sunan shagon da shekarar da aka buga ta.