Aikin Jarida da Kayan Aro: Darasi Daga Birnin Libreville

Gabatarwa

Da asubahin Laraba, 30 ga Agusta, 2023, hukumar zaɓen ƙasar Gabon ta sanar da cewa Ali Bongo Ondimba ya lashe zaɓen shugaban ƙasa da kashi 64.27 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa, abokin takararsa Albert Ondo Ossa kuma ya samu kashi 30.77. Ba a jima ba wasu hafsoshin soja suka bayyana a tashar talabijin ta Gabon 24, suka ce sun soke zaɓen, sun rushe hukumomin gwamnati, sun kuma rufe iyakokin ƙasa. Da haka mulkin gidan Bongo, wanda ya faro tun 1967, ya zo ƙarshe. Kwana huɗu kafin nan, wato ranar zaɓe, gwamnati ta katse intanet, ta kafa dokar hana fitar dare, aka kuma dakatar da tashoshin RFI da France 24 da TV5 Monde.

Libreville, inda duk wannan ya faru, gari ne da Hausawa suka daɗe suna zaune suna kasuwanci a cikinsa, kamar yadda suke a Oyem da Bitam can arewacin ƙasar. 'Ya'yansu suna karatun boko da Faransanci, a gida kuma Hausa ake yi. A ƙaddara an nemi wani ɗalibi daga cikinsu, wanda ya ga motocin soja da idonsa, ya rubuto labarin wannan safiya da Hausa cikin kalmomi 200 domin mai sauraro a Kano ko Maraɗi. Harshe yana da shi, abin da ya faru kuma a gabansa ya faru. Abin da zai nema ya sha wuya kafin ya samu shi ne littafin Hausa da zai nuna masa yadda ake gina labari. Wannan giɓi shi ne batun wannan rubutu, kuma ba ɗalibin Libreville kaɗai ya shafa ba.

Yadda Ake Koyarwa a Yanzu

A Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Ingilishi ake koyar da aikin jarida. A makarantar koyon aikin jarida ta Yamai da Jami'ar Omar Bongo ta Libreville, Faransanci ne harshen aji. Ɗalibi yakan koyi yadda ake rubuta jimlar buɗe labari, da yadda ake jingina zance ga majiya, da yadda ake zaɓen kanu, duk da harshen aro. Ranar da ya samu aiki a ɗakin labaran Hausa, sai a miƙa masa rahoton wani kamfanin dillancin labarai a ce ya fassara. A sassan nazarin Hausa kuwa, akasarin abin da ake ba ɗalibi game da kafafen yaɗa labarai tarihinsu ne da dabarun fassara. Dukansu ilimi ne mai amfani, amma ba su ne rubuta labari ba.

Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci shi ne akwai fitattun littattafai a kan Hausar jarida, sai dai domin baƙi aka yi su. A 1967 Kirk-Greene da Yahaya Aliyu suka fitar da A Modern Hausa Reader. A 1991 McIntyre da Meyer-Bahlburg suka wallafa Hausa in the Media a Jamus. A 1996 Philip Jaggar ya fitar da Hausa Newspaper Reader. Manufarsu ita ce ɗalibin Turai ko Amurka ya iya karanta jaridar Hausa ya fahimci rediyonta. Sun yi aikinsu, babu laifi a kansu. Laifin yana wuyan masu harshen, waɗanda suka bar ɗansu yana koyon sana'ar da littafin da aka rubuta don wani.

Hujjojin da Ake Kawowa

Masu kare wannan tsari suna da hujja biyu. Ta farko ita ce aikin jarida ɗaya ne a kowane harshe, wanda ya iya da Ingilishi ya iya da Hausa. Gaskiya ne ƙa'idojin tabbatar da labari da jin ta bakin kowane ɓangare ba su da ƙabila. Haka ma tambayoyin nan shida: wa, me, ina, yaushe, yaya, don me. Amma ƙa'ida a cikin jimla take rayuwa, jimla kuwa tana da harshe.

Labarin Libreville ya isa misali. Idan ɗalibi ya rubuta cewa sojoji sun tabbatar da an yi maguɗi, ya riga ya yanke hukunci, domin a kunnen Bahaushe abin da aka tabbatar gaskiya ne. Idan ya ce sun yi iƙirari, ya nuna shakku a kan maganarsu. Idan ya ce sun ce, ya tsaya a tsakiya. Littafin Ingilishi zai koya masa bambancin irin waɗannan kalmomi a Ingilishi, amma ba zai auna masa nauyin "ce" da "bayyana" da "tabbatar" da "zarga" ba. Haka kuma lamirin "an". Jimlar "an katse intanet" daidai take a nahawu, amma ta ɓoye wanda ya katse, alhali gwamnati ce ta sanar da matakin da bakinta. Ɗan jaridar da ba a horar da shi a kan wannan ba zai riƙa wanke masu iko kullum ba tare da ya sani ba, saboda kawai "an" ta fi sauƙin faɗa.

Hujja ta biyu ita ce Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa Hausa. Wannan ita ce mafi rauni. Bature ma da Ingilishi ya tashi, amma BBC da Reuters da Associated Press kowannensu yana da kundin salon rubutu da yake ɗora ma'aikatansa a kai. Iya magana daban, iya rubutu daban. Shaidar hakan tana fitowa kowace rana a shafukan labarai: mutane "sun rasa rayukansu" maimakon sun rasu ko sun mutu, wani kuma ya rufe zance da "a ƙarshen rana", duk an kwaso su ɗanye daga Ingilishi. Ga kuma watsi da haruffa masu ƙugiya, inda "ƙasa" take komawa "kasa", "baƙi" su koma "baki". Wanda ya rubuta "sojoji sun kasa" a inda yake nufin wani abu dabam, ko ya rubuta "bakin" a gurbin "baƙin", ya sauya labari, ba harafi kawai ya yar ba.

Hausa Ba Ta Rasa Kayan Aiki Ba

Babu mai iya cewa harshen ne ya gaza. Lokacin da sojojin Gabon suka tsare Ali Bongo a gidansa, Hausa tana da "ɗaurin talala" a ajiye, kalmar makiyaya da ta zayyana halin da yake ciki sarai. Da aka rantsar da Janar Brice Oligui Nguema ranar 4 ga Satumba, 2023, "riƙon ƙwarya" ta ishi mai sauraro ya gane irin gwamnatin da aka kafa. Waɗannan kalmomi ba daga sama suka faɗo cikin labarai ba. Wasu editoci ne suka zauna suka yi tunani da Hausa har suka zaƙulo su.

Wannan gado yana da tsawo. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. Sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, na Deutsche Welle a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na RFI a 2007. Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, jaridar Aminiya ta biyo baya. Sama da shekara 80 ke nan ana rubuta labari da Hausa. Sai dai mafi yawan wannan ƙwarewa tana cikin kawunan tsofaffin editoci, ana gadonta baki da baki a ɗakin labarai. Duk wanda ya yi ritaya ko ya rasu yakan tafi da rabonsa. Wanda ya yi sa'ar zama kusa da gwani ya koya. Ɗalibin Libreville, wanda ba shi da ɗakin labaran Hausa a kusa, ba shi da wannan sa'a.

Abin da Ya Kamata a Yi

Ana buƙatar littafin koyon rubuta labari wanda aka tsara shi da Hausa tun daga tushe, ba fassarar na wani ba. Ya ƙunshi ginin labari daga mafi muhimmanci zuwa mai bi masa, da kalmomin jingina zance da nauyin kowacce, da yadda ake faɗin adadi da kaso da kwanan wata, da bambancin rubutun rediyo da na takarda, da ƙa'idojin rubutu na Najeriya da na Nijar, da dabarun tantance hoto da murya da ake yaɗawa a WhatsApp. Misalansa su fito daga labaran gaske, na kirki da na banza, a nuna wa ɗalibi inda aka gyara da dalilin gyaran. Aikin gida kuma ya zama fita kasuwa ko kotu ko asibiti a dawo da labari, ba zama a juya rahoton wani ba.

Nauyin yana kan sassan aikin jarida da sassan Hausa na jami'o'i, waɗanda suke harabar makaranta ɗaya amma kowa yana harkar gabansa. Yana kuma kan gidajen rediyo da jaridu, su fitar da kundin salonsu fili kowa ya amfana. A sa littafin a intanet kyauta cikin siffar da ƙaramar waya za ta iya buɗewa, domin ya kai Agadas da Kumasi da Libreville a rana ɗaya da Kano.

Kammalawa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Tsarin koyarwa na yanzu ya juya wannan magana: yana horar da mai fassara abin da wani ya gani, yana barin wanda ya gani ba kayan aiki. A kwanaki huɗun da aka rufe intanet a Gabon aka kuma dakatar da tashoshin waje, mazauna Libreville su ne shaidun abin da ke faruwa, cikinsu har da masu jin Hausa. Da an koya musu yadda ake tambaya, da yadda ake tantancewa, da yadda ake rubutawa da harshensu, da mai sauraro a Katsina ya ji labarin daga bakin wanda yake wurin a ranar da layi ya dawo. Kayan aro, in ji masu magana, ba ya rufe katara.